Kalma Biyar a Rana, Baba Lin

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da sassafe, Baba Lin Shouren ya rasu a ɗakinsa na haya da ke unguwar Glenwood a nan garin Greensboro, yana da shekara sittin da tara. Zuciya ce, in ji likita. Na iso wurin aiki ƙarfe goma kamar kullum, na tarar ba a kunna murhu ba. Matar da ke da gidan abincin ta tare ni a ƙofar kicin ta faɗa mini. Na ce, "To." Na shige na wanke tukwanen jiya har ƙarfe biyu. Yau kwana goma sha shida ke nan, ban yi kuka ba, ban kuma yi faɗa da kowa ba. Wanda ya san ni ya san na biyun ya fi ban mamaki.

Na san wasu a cocinmu za su ce me ya haɗa Davou ɗan Bukuru da tsohon mutumin Sin, har da rubuta masa ta'aziyya cikin harshen da bai taɓa ji ba. Su ce. Ni dai da Hausa nake iya faɗin gaskiya, kuma gaskiya nake so in faɗa maka, Baba.

Shekara uku muka yi a kici ɗaya, a wani ƙaramin gidan abinci da ke kan titin Gate City Boulevard, tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da shagon wanki. Kai kana gaban wuta da babban kaskon nan naku, ni ina wajen famfo. Shekara ashirin da shida ka yi a ƙasar nan, amma Turancinka bai wuce sunayen abinci da lambobinsu ba, domin ranka duka a kici ya ƙare, kuma a kici ba a hira, ihu ake. Makon farko da na fara aiki na ƙone hannu da mai. Ban gama zagin kaskon ba ka kama wuyan hannuna ka tura shi ƙarƙashin ruwan sanyi, ka riƙe shi minti goma. Daga ranar ba ka taɓa cin abincin rana ba ka ture mini rabin kifinka ba. Na ce maka ba na cin kan kifi. Ka ci gaba da ba ni kan, domin a wurinku shi ne rabon wanda ake girmamawa. Sai da na shekara kafin wani ya gaya mini.

Ni makaranta aji huɗu na yi. Sauran karatuna a gindin teburin mai sayar da jarida na tsince shi, inda ake bari mu karanta a tsaye. Har na zo nan ban bar halin ba, kullum da jarida a aljihun baya. Wata rana lokacin hutu, tsakanin biyu da rabi zuwa uku, muna zaune a bayan kici a kan bokitai muna tsinke koren wake, ka nuna jaridar da ɗan yatsa, ka nuna bakinka, ka ɗaga yatsu biyar. Kalma biyar. Haka makarantarmu ta buɗe, ba allo, ba ƙararrawa.

Tsarinka ban taɓa ganin irinsa ba. Tsofaffin takardun oda kake tarawa, ka juya bayansu. In rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. Ka duba ma'anarta a ƙamus ɗinka wanda mai ya rina shafukansa, ka rubuta ta da Sinanci. A ƙasa kuma ka nemo baƙaƙen Sinanci waɗanda amonsu ya yi kusa da amon kalmar, ka jera su, su ne tsaninka. Sai ka soke takardar a ƙusa saman murhu. Duk ɗagawar kasko kalma ɗaya. Shinkafa ta tashi sama, kalma ta fito. Shinkafa ta dawo, ka maimaita. Ranar Asabar jarrabawa: in nuna takarda, ka faɗa. In ka kuskure sai ka buga goshinka da cokali, ka mayar da takardar ƙasan tarin.

'Yarka Angelina ta saka maka darasi a waya, mai muryar mace mai sanyi. Ka gwada kwana biyu ka ajiye. Da ɗan Turancinka ka ce mini, "Waya ba fushi. Tica fushi, ni tuna." Tica kake kirana, ni da ban kai 'yarka shekaru ba. In na shigo sai ka ɗan sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa sunkuya mini a ƙasar nan, ko a waccan.

Yanzu ga laifina, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Ni nake zaɓar kalmomin. Daga jarida nake zaɓa, daga abin da ke ci mini rai. Na koya maka yadda ake cewa zalunci da Turanci. Na koya maka wariya, da cin hanci, da yajin aiki, da korar baƙi, da ƙwadago, da munafunci, da kotun ɗaukaka ƙara. Ina ganin makami nake ba ka. Ina cewa a raina, wannan tsohon an ci guminsa shekara ashirin saboda ba shi da baki, ni zan ba shi baki. Kana ɗaga kasko kana cewa "mulkin mallaka", ni ina wajen famfo ina jin daɗi. Shekara biyu muna haka, kwana shida a mako. Kalmomi sun haura dubu biyu. Ko sau ɗaya ban tambaye ka me za ka yi da su ba.

Wata Lahadi cikin Nuwamban bara Angelina ta biyo ta gidan abincin da 'yarta Abigel, mai shekara bakwai. A unguwar masu kuɗi ta Irving Park suke zaune ita da mijinta, gida mai ɗakuna, amma ka ƙi komawa can, ka ce ba bas, ba kici. Yarinyar ta zauna a teburin kusa da taga tana zane. Na ga ka wanke hannu sau biyu, ka sauya riga, ka ɗauki faranti ka fita. Ta ɗago takardarta ta nuna maka. Malam-buɗe-littafi ne a kan fure. Ta tambaye ka wani abu da Turanci, tana jira. Ina kallo ta ramin da ake miƙa abinci. Leɓenka yana motsi, kana lalube cikin kalmomi dubu biyu. Babu fure a ciki, babu malam-buɗe-littafi, babu ja, babu shuɗi. Ka ajiye farantin, ka shafa kanta, ka dawo kici. Ita ta koma zanenta kamar ta saba.

A can gida wurinmu kaka da jika abokan wasa ne. Ya kira ta matarsa, ta ce ba ta son tsoho, ya ce ai ita ce mummunar, a yi ta dariya. Na tsaya ina kallon kaka da jika da babu kalma ɗaya a tsakaninsu.

Angelina ce ta gaya mini a bakin mota. Ta ce Abigel ta ƙi Sinanci tun da ta shiga makaranta, in an yi mata sai ta toshe kunne. Ta ce, "Ai don ita yake koyo. Bai gaya maka ba?"

Na dawo na same ka a kan bokiti. Na yi maka faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce, "Baba, shekara biyu! Kana da baki, ka ce mini ba waɗannan kake so ba mana! Me yarinya za ta yi da kotun ɗaukaka ƙara?" Ka bari na gama. Ka ce, "Ɗalibi ba zaɓa. Tica zaɓa." Sannan ka miƙo mini takardar oda da biro, kamar kowace rana.

Washegari na hau bas na tafi laburare, na shiga ɓangaren yara, ƙato da ni, ina zaune a kujera mai kamar ta 'yar tsana. Ban taɓa buɗe littafin yara ba a rayuwata. Daga jarida na fara. Na ɗebo guda shida masu hotuna. Muka koma farko. Lilo. Balan-balan. Igiyar takalmi. Bakan gizo. Haƙorin da ke girgiɗi. Kwaɗo, da kukan kwaɗo, domin ashe kwaɗon Turawa daban yake kuka da na Sin, na Bukuru kuma daban, muka kwaikwayi ukun har mai gidan abinci ta leƙo. Ka roƙa a ƙara kalmomin su zama takwas a rana. Na ce biyar muka saba. Ka ce, "Ni tsufa. Ita girma. Takwas."

A watan Janairu ka zo da shawara. Ranar ashirin da biyu ga Maris Abigel za ta cika shekara takwas, kana so ka tashi a gaban mutane ka yi mata magana da Turanci, ba takarda a hannu. Ba ka bari in tsara maka ba. Ka rubuta da Sinanci, muka bi kalma kalma da ƙamus, inda na ce a gyara don ya yi daɗi ka ƙi. Layi takwas. Wata biyu kana maimaita su a kan wuta, har ni da direban da ke kai abinci gidaje muka haddace ba mu sani ba. Litinin, jajiberin rasuwarka, ka faɗe su duka ba tuntuɓe. Ka ce in an gama biki za mu shiga kashi na biyu.

Ranar da ka rasu, kwana goma sha ɗaya suka rage a yi bikin.

Jana'izarka mutum goma sha huɗu ne. Na ƙirga, domin ba wuya. A Bukuru ko akuyar mutum ta mutu za a fi haka. Anti Celina ta cocinmu, wadda nake haya a gidanta, ta ce ba zan je ni kaɗai kamar mara dangi ba. Ta dafa gwaten acca ta cika kula ta biyo ni. Aka ƙona turare, aka sunkuya sau uku, mu ma muka sunkuya. Da za a fita aka ba kowa alewa ɗaya, wai don a wanke ɗacin baki. Na sha. Ban ji komai ba.

An fasa bikin. Amma ranar Asabar ɗin, ashirin da biyu ga wata, na kasa zama. Na sa rigar coci, na hau bas iya inda ya tsaya, na ƙarasa da ƙafa cikin manyan gidajen nan da ba ka ganin kowa a waje. Angelina ta buɗe ƙofa. Na ce mata akwai saƙo, ba nawa ba ne, na Abigel ne. Ta kira ta. Na tsaya a tsakiyar falo na faɗe shi kamar yadda kake faɗa, ban gyara ko ɗaya ba. Ga ma'anarsa da Hausa:

"Abigel, ni kakanki. Yau ke takwas. Ba na magana da ke, ba don ba na son ki ba. Bakina ne ƙarami. Zanenki na malam-buɗe-littafi kyakkyawa, shuɗi da rawaya. Lokacin da ni takwas, ina da agwagwa fara. Kowace safiya tana bi na makaranta, tana jira a bakin kogi. In kina so, zan ba ki labarinta, amma a hankali."

Angelina ta juya ta fuskanci bango. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni sosai, irin kallon da kake yi wa sabuwar kalma. Ta ce, "Sai me ya faru da agwagwar?"

Na ce ban sani ba.

Ta juya wajen uwarta. Angelina ta girgiza kai; ba ta taɓa jin kana da agwagwa ba.

Abigel ta ce, "Amma kai ne malaminsa."

Na ce, "Ba mu kai wurin ba."

Shi ke nan, Baba. Saƙonka ya isa, kuma ta so ta ji sauran. Ina ganin ya kamata ka sani.

Ban san da wane suna kake kiran Allah ba, ban tambaya ba, kamar yadda ban tambayi abubuwa da yawa ba. Amma Shi ya san sunanka, kuma babu harshen da yake buƙatar a fassara masa. Ubangiji ya ji ƙanka, ya dube ka da idon rahama, ya saka maka da alheri kan kowane ciki da ka ciyar. Ya ba ka hutu bayan tsayuwar shekaru a gaban wuta. Laifin da ka yi cikin sani ko rashin sani ya shafe shi, nawa da na yi maka kuma ya yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Angelina da maigidanta, da 'yan'uwanka da ke can gida waɗanda ban san sunayensu ba, da abokan aikinmu na kici. Ga Abigel kuma, Allah ya raya ta, ya ba ta haƙurin abin da ba ta samu ta ji ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Davou Choji
Greensboro, 27 ga Maris, 2025