Rodin Saman Gida a Ƙanaɗir

Mun tashi da asuba daga Abbasiya a Alƙahira, ni da kawuna, masu ful, dafaffen waken karin kumallo, ko gama jera tukwane ba su yi ba. Kawu ɗan kasuwa ne, shekara shida yana sarin kaya a kasuwar Ataba yana turawa Kano, iyalinsa kuma a cunkushe suke a wani ɗan gidan haya a Hayyin Ashir. Babban ɗansa zai yi aure bayan Sallah, har ya fara neman haya a wata unguwa. Maganar nan ita ta hana Kawu sukuni, don a gidansu ba a fita, sashe ake yankar wa mutum. Da dillali ya ce masa akwai sababbin gidaje na sayarwa a Ƙanaɗir, kowanne na iyali ɗaya, sai ya ce in raka shi, tunda nasa Larabcin iyakarsa ciniki.

Jirgin Metro muka shiga har ƙarshen layi a Shubra, daga nan muka hau ƙaramar bas. Kuɗin mota bai taka kara ya karya ba, amma direban kamar an biyo shi. Kawu bai saki carbi ba sai da muka sauka.

Garin ya burge ni ƙwarai. A nan kogin Nilu yake rabuwa biyu, ga tsohuwar madatsa mai bakuna da hasumiyoyi, ga manyan bishiyoyi da lambuna. Mun karya da faɗira, wata irin gurasa mai zuma, da shayi a bakin ruwa, na ji iskar da na manta akwai irinta a Masar.

Gidajen suna bayan gari, a inda gona take kwanan baya. Mai su wani dattijo ne Bamisire mai fara'a. Ya zaga da mu falo, ɗakuna uku, kicin, famfo yana kawo ruwa, fenti yana ƙamshi. Kawu kuwa ba ɗaki ya zo gani ba. Bayan gida ya zagaya yana auna fili da taku, ya dawo fuska a murtuke. Ko akuya aka ɗaure a wurin sai ta takura, balle a gina wa ango sashe.

Muka hau rufi don kada a ce ba mu gani ba. Can muka tarar da rodi tsirara a kowace kusurwa, matakala kuma ta wuce sama ta tsaya a iska. Kawu ya dube ni ya ce, "Gaya masa ma'alish, ya yi haƙuri. Ba fili, kuma kuɗi sun yanke masa kafin ya gama. Yalla, mu tafi."

Na fassara, ina jin kunya. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ya Hajj, ba ka da ɗa namiji? Wannan nasa ne. Ran da zai yi aure ka ɗora masa bene, ƙaninsa ya hau kan nasa. Da gangan muke barinsu."

Kawu ya juya. Ya je ya kama rodi ɗaya ya girgiza, ya tambayi bene nawa tushen zai ɗauka. Aka ce uku. 'Ya'yansa maza uku ne cif. Wallahi na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da na juya ina kallon kogi.

Ba a gama ciniki ba ranar, akwai takardun da lauya zai duba tunda mu baƙi ne. Amma Kawu ya saya mana soyayyar karfasa da shinkafa ba tare da ya taya ba, abin da ban taɓa gani ba.

La'asar sakaliya muka iso Hayyin Ashir. Tafiyar ta koya mini in daina yi wa abin da ban sani ba dariya. Shekaru ina ganin rodin nan a saman gidajen Alƙahira ina cewa Masarawa ba sa gama gini, ashe wurin 'ya'yansu suke ajiyewa.

A bakin ƙofa muka ci karo da angon zai fita wurin dillalin haya. Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Koma ciki. Ba inda za ka, a kaina za ka zauna."