Kindirmon Burugu

Ni boko aji huɗu na tsaya, amma zancen nono ba mai koya mini. Wannan farin ruwan da ake tallarsa yanzu a kasuwar Haɗeja, ku kira shi abin da kuka ga dama. Ni na sha kindirmon Inna Kulu.

Inna Kulu ita ta haifi babana. A wani ƙauye gefen Auyo muke, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. In kogi ya janye, burugu ke rufe fadama, ciyawa ce mai zaƙi kamar rake, shanu su shige ta har ƙirji. Kindirmon lokacin fari ne tas, ga sanyi, ga ɗan tsami a bakin harshe, ƙamshin ciyawa na biyo shi maƙogwaro. Inna takan ɗanɗana nonon wani gida ta ce, "Wannan saniyar tudu ce, wajen Miga, harawa ta ci." Ban taɓa ganin ta kuskure ba. Kowane nono kuma da abin haɗinsa: kindirmon burugu da dambun gero, mai tsami da fura, sabuwar madara da shinkafar fadama. Kifi kuwa, ko kusa.

Wata rana na saci soyayyar tarwaɗa, na kora da kindirmonta. Wallahi daɗi kamar kunnena zai cire.

Bayan magariba ta hura wutar kara, mu jikoki muka kewaye ta. Ta dube ni ta ce, "Maigida, matso. Ga ta nan, ta yau taka ce."

"Ta zo mu ji," na ce.

Wai da can, masunci da makiyayi suka je wa kogi da kukan yunwa. Kogi ya ce, "In na cika, kifi na masunci ne. In na janye, na bar burugu, nono na makiyayi ne. Duka 'ya'yana ne, amma kowa da lokacinsa. Ran da wani ya haɗa su a ƙwarya ɗaya, na daina zuwa." Aka daɗe ana ƙoshi. Sai wani mai haɗama ya ce shi duka yake so, kuma rana ɗaya. Ya tare bakin rafi da ƙasa don ruwa ya tsaya masa. Burugu ya ruɓe, kifi ya mutu a kwantaccen ruwa. Da wata damina ta zo, kogi ya iso bakin garin, ya tsaya, ya shinshina, ya juya.

"Inna, kogi yana da hanci?" in ji ƙanwata.

"Ya fi na maigidana tsawo," ta ce. "Tashi, tatsuniya ta ƙare, kan ɓera ya ƙone."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ni na san abin da na haɗa a cikina. Tun daga ranar har damina ban sake sakewa ba. In kogi bai zo ba, ba shinkafa, ba kifi, shanun Inna su mutu, kuma ni ne sila. Kullum sai na je bakin gaɓa na duba yashi.

Ran da kogi ya zo, ƙararsa muka fara ji. Ruwa ja, yana tafe a hankali kamar mai sarauta, yana turo kara da kumfa. Kafin kwana uku fadama ta zama teku, iyakar ganinka, tsuntsaye farare sun rufe sama, jirage na bi ta inda muke wasa jiya. Na tsaya ina kallo. Na ruga na faɗa jikin Inna ina kuka, na tona kaina.

"Ai na sani, ɓarawo," ta ce. "Ƙarnin kifi ka bar mini a ludayi. Kogi ba ya riƙe yaro a zuciya. Manya yake riƙewa."

Na ɗauka lallashi ne. Ashe magana ta faɗa.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka gina madatsai, aka tare ruwa can saman kogi. Masu takardu suka ce za a yi noma rani da damina, komai a lokaci ɗaya. Ruwa ya riƙa zuwa rabi-rabi, wata shekara ya ƙi. Burugu ya ja baya. Inna ta ɗanɗana nonon saniyarmu, ta ajiye ludayi, ta ce, "Wannan ta tudu ce." A fadama saniyar ta yini.

Likitoci sun ce kifi da nono ba sa komai. Na yarda. Amma ni na yi wata takwas ina tsoron kogi saboda tarwaɗa ɗaya. Su da suka tare shi gaba ɗaya, har yau ina tambaya: ba su da kaka ne?