Darasin Tsafta a Aji Huɗu

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, ba da daɗewa ba bayan yaƙin basasa, aka turo mu Haɗejiya koyon aikin koyarwa. Mu goma sha biyu ne. Aka sauke mu a wani gida kusa da kasuwa, aka rarraba mu makarantun firamare na cikin gari. Ni aji huɗu aka ba ni. Da safe mu ne malamai, da rana kuma mu koma ɗalibai, domin malamin da kwaleji ta haɗo mu da shi yakan tara mu bayan azahar ya ci gaba da karantar da mu.

Malamin nan mutumin Filato ne, Kirista, dogo, ba shi da yawan magana. Da kekensa yake bin makarantu, ya shigo aji ya zauna can baya da ɗan littafinsa, ya saurari darasinka ya ba ka maki. Wanda ya faɗi a nan ba shi da takardar shaidar malanta, komai ƙoƙarinsa a jarrabawa. Ranar da nake ba da labarinta Laraba ce, kuma ni ne zai duba.

Daga sallar asuba ban sake zama ba. Rijiya ɗaya ce a gidan, guga ɗaya, sai an bi layi. Dutsen guga ma ɗaya ne, na gawayi, kafin ya zo kaina ya huce, sai da na sake hura shi na goge farar rigata da wando. Sharar zaure ta faɗo kaina a ranar. Na sha koko a tsaye, ina ƙarasa zane a kan kwali: hannu mai yankakken farce, sabulu, da matajin kai, don darasin tsafta zan koyar a gaban malaminmu. Na naɗe kwalin na fita da sassarfa, na isa ana kaɗa ƙararrawa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ni ɗan masunci ne. Ƙauyenmu yana cikin fadama, wajen Birniwa, inda da damina sai da kwalekwale ake shiga. Na tashi ina ferɗe tarwaɗa, ina jera ta a kan banda, hayaƙi na cin idona. Amma a kwaleji duk wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, muna shuka shinkafa idan ruwa ya ja. Sai dai na san dalilin da ya sa nake tsayawa a nan. Idan na dawo daga hutu, sau biyu nake wanke kayana kafin in sa su a akwati.

Na koyar da lissafi, na koyar da karatun Turanci, aka fita hutun ƙarfe tara. Ana dawowa na hango keken a jingine a jikin darbejiya. Malaminmu ya shigo, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya wuce baya ya zauna a kan benci.

Na liƙa kwalina a allo na fara. Abin da na shirya zai cinye lokacin darasin gaba ɗaya, ban yi rabin lokacin ba na ƙare shi. Rana ta fara zafi, yaran sun yi shiru, wasu na hamma. Na yi tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu sai yarinya ɗaya a layi na biyu, wadda dama kullum ita ce. Ƙarama ce, baƙa, tana yawan makara, amma ba wanda ya kai ta lissafi a ajin. Na saci kallon baya, na ga malaminmu yana rubutu.

Sai na tuna an koya mana cewa yaro ya fi gane abin da ya gani da idonsa. Na ce kowa ya ɗora hannuwansa a kan tebur, na bi layi ina dubawa. Tun kafin in kai ga yarinyar nan na ji warin. Ƙarnin kifi ne da hayaƙin banda, warin tsakar gidanmu, warin zanin mahaifiyata. A wuyan hannunta akwai ɓawon kifi guda biyu da suka bushe suka manne.

Na ce ta fito gaban aji. Na kira wata 'yar akawu mai wankakkiyar riga na tsayar kusa da ita.

Na ce, "To, ku duba da kyau. Wace ce mai tsafta a cikinsu?"

Suka amsa baki ɗaya. Na matsa kusa da yarinyar, na sa yatsu biyu na toshe hancina. Aji ya fashe da dariya. Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ce a raina ga aji ya farka.

Na ce mata, "Ke, me kika yi yau da safe?"

Ta ce, "Na taya Inna gyaran kifi, Malam."

"Ba ku da sabulu a gidanku?"

"Na wanke, Malam. Ba ya fita."

Na fi kowa a ɗakin nan sanin gaskiya ta faɗa. Ba ya fita. Amma na juya ga yara na ce, "Kun ji, wai ba ya fita!" Suka sake kwashewa. Wani daga baya ya ce "Tarwaɗa," ya ja kalmar, aka ƙara wata dariyar.

Ba ta yi kuka ba. Da na ce ta koma, ta tafi ta zauna, ta sa hannuwanta ƙarƙashin tebur. 'Yar da ke zaune kusa da ita ta ɗan matsa gefe.

Da aka kaɗa ƙararrawa malaminmu ya yafito ni zuwa gindin darbejiya. Ya ce rubutuna a allo yana da kyau, muryata tana kaiwa baya. Sannan ya rufe littafinsa.

Ya ce, "Yarinyar nan da ka fitar, me ta koya yau?"

Ina kallon ƙasa, ya sake jefo wata tambayar.

"Mahaifinka wace sana'a yake yi?"

Na ce, "Noma, Malam."

"Noma kaɗai?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

Ya ce, "Ka manta, amma ni na karɓe ka ranar da ka fara zuwa kwaleji. Shi ya kawo ka, a jirgin ƙasa, yana ɗauke da akwatinka a ka. Da zai tafi ya ba ni busasshen kifi a ƙunshe, ya ce ga amana nan. Na ce ba sai ya ba ni komai ba, ya ƙi. Kwana uku muna cin miyarsa a gidana." Ya mayar da tabarau. "Ba zan rubuta maka maki yau ba. Zan dawo mako mai zuwa."

Ya hau kekensa ya tafi. Da zai yiwu da na bi bayan makaranta na ɓace, amma saura darasi biyu, kuma a gaban yaran nan zan tsaya. Na koyar da labarin ƙasa, ban san abin da na faɗa ba. Na koyar da rubutu. Duk tambayar da na yi, idona sai ya kai layi na biyu, hannun nan kuwa bai sake tashi ba. Aka tashi, na cike rajista, na kai wa hedimasta, na kwashi littattafan lissafi na aji duka a hammata na koma masauki.

Na yi azahar, muka shimfiɗa tabarmi a zaure, malaminmu ya zo. Ya saba ɗauko kuskuren da ya gani da safe ya warware mana shi, don haka na zauna can lungu ina jiran a kira ni. Ya yi magana a kan yadda ake raba lokacin darasi, ya ba mu aikin da za mu kawo gobe, ya tashi. Ko kallon inda nake bai yi ba. Wani abokina ya tambaye ni yaya aka ƙare, na ce sai mako mai zuwa, ya ce ai haka mutumin yake, tsanani gare shi. Na bar shi a haka.

Bayan la'asar sauran suka tafi ƙwallo, ni na zauna da littattafai. Da na zo kan nata, duk lissafin daidai ne, rubutun ƙanana a jere. Gefen takardar akwai ɗan tabon mai. Na daɗe riƙe da jan biro. Sai na tashi na sa takalmi, na je gidan wani dattijon malami na makarantarmu na tambaye shi inda iyayenta suke. Ya kwatanta mini, can bakin kogi, unguwar masunta.

Na yi niyyar in ba da haƙuri. Duk hanya ina shirya maganar. Na tarar da mahaifinta a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi, ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarsa, yadda mahaifina yake yi. Na yi sallama na durƙusa, na ce ni ne malamin 'yarsa. Ya yi wuf ya ture komar, ya kakkaɓe buzun da yake kai ya ce in zauna. Na ce a'a Baba, ya ce sai na zauna.

Ya tambaye ni mutumin ina ne. Na faɗi sunan ƙauyenmu. Ya tambayi gidan wa, na faɗi sunan mahaifina. Sai ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Ai mun yi kamun kifi tare da shi, shekarar da ruwa ya yi yawa. Ashe ɗansa ne ya zama malami!" Ya leƙa zaure ya ɗaga murya. "Ke, kawo wa malaminku ruwa. Ashe namu ne, ɗan gida ne!"

Ta fito da kwanon sha, ta durƙusa ta ajiye a gabana, ba ta ɗago kai ba. Hannuwanta sun yi ja, bayan yatsun ya ɗaɗɗaye.

Uban ya ce, "Ka gan ta nan, tun da ta dawo take dirzar hannu da toka da yashi. Uwarta ta yi magana, ta ce Malam ne ya koya musu tsafta. Allah ya saka da alheri, Malam. Mu ba mu samu wannan ba."

Ashe ba ta faɗa musu ba. Idan na ba da haƙurin, sai na gaya wa mutumin nan abin da na yi wa 'yarsa, da abin da na yi da hancina. Abin da na iya cewa shi ne, "Tana da ƙoƙari ƙwarai, Baba. Kada a cire ta daga makaranta."

Ya ce in Allah ya yarda. Da zan tafi ya shiga gida ya fito da tarwaɗa busassa manya guda huɗu, ya ce in kai wa abokaina. Na karɓa da hannu biyu. Na dawo ana kiran magariba, na miƙa wa wanda ke da girki a ranar, suka yi ta murna. Ni na ce cikina ke ciwo.

Washegari kafin in fara lissafi na ce wa aji ni ma ɗan masunci ne, kuma ƙarnin kifi ba ƙazanta ba ne. Da sauri na faɗa, ina fuskantar allo. Wasu suka yi 'yar dariya, suka ɗauka wasa nake. Ban kira ta na ce ta yafe mini ba, ko a gaban aji ko a bayan idonsu. Sunan nan da aka laƙaba mata kuwa ya zauna. Ina jin sa a filin wasa, na hana, na yi duka a kansa, bai hanu ba. Makonni uku da suka rage mini tana zuwa kullum, aikinta daidai, amma idan ban kira ta ba ba ta magana.

Malaminmu ya dawo kamar yadda ya ce, ya duba ni a darasin lissafi, ya ba ni makin da ya ishe ni wucewa. Bai sake tayar da zancen ba har na bar kwaleji.

Ranar da za mu tafi, motar da za ta kai mu tashar jirgi a Malam Madori ta zo da wuri. Ina da wani littafin lissafi na aji bakwai da nake ji da shi. Na rubuta sunanta a ciki, na tsaya da shi a bakin ajinmu, ina jin muryarsu suna karatu da malaminsu na da. Ban shiga ba. Na kai wa hedimasta na ce don Allah ya ba ta, ya ajiye a kan tarin takardun da ke teburinsa ya ce to. Direba yana ta danna oda, na fita da gudu. Ban san ko ya ba ta ba.