Ƙafar da Ta Rage wa Yaya

Yayana tela ne a Gaya. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami, bayan wani zazzaɓi da ya kama shi a garinmu Balan, kafin a haife ni. Da ta dama yake taka keken ɗinki, da ita ya ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu. Mahaifiyarmu Inna muke kiranta, shi ya sa ba a faɗin sunan ciwon, shan inna, a gabanta. Shi kaɗai ke tsokanarta, ya ce, "Inna, kin sha ɗaya, ki bar min ɗaya in nemi abinci." Ita kuwa ta jefe shi da mafici.

Da ya haura arba'in, ƙafar damar ta fara yi masa gardama. Keken ya riƙa tsayawa a tsakiyar ɗinki. Ya ce gajiyar ɗinkin sallah ce. Sallah ta wuce, hannu ya bi sahu, zare ya ƙi shiga allura. In yana zaune, kana ganin naman cinyarsa yana motsi da kansa ta cikin wando. Ni ina aiki a sakatariyar Ajingi, amma zaman ofis ya gagare ni. Kullum ina kan babur, in na isa Gaya in ƙagu in koma, in na koma in ƙagu in dawo.

Likitan da muka gani a Kano ya yi ta tambaya a kan zazzaɓin yarinta. Ya ce ƙwayar cutar shan inna tana cin jijiyoyin da ke sa tsoka motsi, kuma jijiyoyin da suka tsira kan gaji bayan shekaru. Amma na Yaya yana sauri, ya fara taɓa harshe, ya fi kama da wani ciwon daban na jijiyoyin nan, wanda ba a samo maganinsa ba. Na tambaye shi ko na farkon ne ya haifi na biyun. Ya ce masu bincike sun daɗe suna zargin ƙwayoyin cuta da hannu a irin wannan, amma ba a tabbatar ba. Na sake tambaya ta wata hanyar, ya sake ba ni amsar nan.

Maganar ta kai kunnen Inna. Ashe a makon wancan zazzaɓin ta goya shi zuwa suna a Gafasa, jikinsa da ɗumi, ta ce rana ce. Ta fara bin tsofaffin mata tana tambaya ko sun tuna yadda ta dawo da shi. Barci ya ƙaurace mata. Yaya ya so ya kwantar mata da hankali, amma a lokacin harshen ya yi nauyi, koko ma da ƙyar yake haɗiyewa. Hankalinsa kuwa garau, yana kallonta tana kai da kawo.

Ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Allah Ya jiƙansa.

Da masu gaisuwa suka ragu, Inna ta kira ni ɗaki.

"Auta, kai ka ji likita da kunnenka. Wancan zazzaɓin ne ya dawo ya ɗauke shi?"

Da na ce a'a, da ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. 

"Ya ce bai sani ba, Inna. Ya ce ba wanda ya sani tukuna."

Ta gyara mayafinta. "To, in sun gano, ka zo ka gaya min."

Tun daga nan duk ma'aikacin lafiyar da ya shigo sakatariya sai na tare shi da tambaya, har wasu sun fara kauce min. Inna tana ƙara tsufa. Duk Juma'a in na je Balan, sai ta duba fuskata kafin ta amsa gaisuwa.