Wa Zai Raka Dieu Jamus?

Tsohuwa Nham ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, amma ta ƙera su da yawa. Sana'arta ke nan a wani lungu na birnin Nam Dinh: da takarda da gora da ƙullun shinkafa take haɗa duk abin da mamaci zai buƙata, dangi su saya su ƙona, hayaƙi ya kai masa. Tana yarinya doki ake nema da takalmi. Aka koma babur, aka koma firji, yanzu har wayar hannu, haɗe da caja, tunda wata mata ta dawo da ƙorafin mijinta ya zo mata a mafarki wayarsa a mace.

Jikarta Dieu a hannunta ta tashi, tun da iyayen suka tafi kudu aikin masaƙa. Kowace safiya Nham kan kunna turare gaban hotunan kakanni, ta sanar da mijinta, marigayi Khuyen, inda yarinyar za ta wuni, don ya sa ido. Kuma mutumin, duk da lalacinsa yana raye, bai taɓa sakaci ba.

Sai ga Dieu ta samu gurbin karatun jinya a Jamus.

Nham ta yi murna kwana ɗaya, kashegari kanta ya kulle. Wai idan ta kunna turaren safe a nan, can dare ne. To wace safiyar za a ba wa marigayin? Sunan garin ma ya ƙi zama a bakinta, balle ta yi masa kwatance. Shi kuwa ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai.

"Ba inda za ki sai kakanki ya yarda zai bi ki," in ji ta.

"Haba Kaka! Saura sati biyu fa."

"To ki yi fatan ya shirya da wuri. Kin san shi da nawa."

Dieu ta san kakarta ba ta wasa da irin wannan. Kuma ita ma ba za ta sa ƙafa a jirgi ba tsohuwar na juya mata baya.

Nham ta zauna ta yi wa mijin fasfo, bango shuɗi-kore, har da ɗan hoto da ta zana, ta rage masa kunne don kada Turawa su yi dariya. Ta yi tikiti da akwati. Maƙwabciyarta Toan mai sayar da miyar taliya ta leƙo.

"Yaya, ina bizar? Ko ta daji zai shiga?"

"Mamaci ma sai da biza?"

"Ke kika san mamatan Jamus? Mutanen da ko shara sai sun raba ta gida-gida!"

Nham ta yanki dankali ta sassaƙa hatimi, ta buga. Sannan ta ɗauko tsoffin kwabbai biyu da ake tambayar kakanni da su, ta ɗora a faranti. Kowa ya san ƙa'idar: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, an yarda, duka a kife, an ƙi, duka a buɗe, dariya ake maka.

"Tsoho, za ka raka yarinyar nan?"

Ta jefa. Dariya.

Ta ce sanyi yake tsoro. Ta kwana biyu tana haɗa rigar sanyi mai hula, da safar hannu. Ta jefa. Dariya. Ta ƙara masa tukunyar dafa shinkafa da kwalbar miyar kifi, don ba ta ga Khuyen yana cin burodi safe da yamma ba. Wannan karon duka suka kife.

"Au, yanzu kuma fushi? Me na rage maka? Mota kake so? Ai ba ka iya tuƙi ba!"

Toan ta ce wataƙila ya yi wani auren a can ne, ba ya son barin amarya. Nham ta kore ta da tsintsiya, amma ta daɗe tana kallon hoton da gefen ido.

Dieu ta daina haɗa kaya. Ta zauna bakin akwati, littafin Jamusanci a cinya, ba ta buɗe ba. Can ta ce, "Kaka, ba ki tambaye shi dalili ba. Ba ni in gwada."

Ta karɓi farantin, ta sunkuyar da kai. "Kakana, don kada a bar matarka ita kaɗai ne ka ƙi?"

Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Nham ta fyace hanci, ta ce hayaƙin turare ne. "Ji munafuki. Yana raye bai taɓa kawo mini ko ruwa ba." Ta juya wajen Dieu. "To ke fa? Wa zai tsare ki?"

Idonta ya hau jerin hotunan, ya tsaya kan na sama: uwar Khuyen, 'yar kasuwar gishiri, wadda ta taka har iyakar Sin da kaya a kafaɗa, wadda kuma har ta mutu ba ta taɓa yaba shinkafar Nham ba. Nham ta gyara tsayuwa, ta sassauta murya kamar sabuwar amarya.

"Inna, ko za ki ɗan fita shan iska? Shekara uku ce kacal."

Jifa ɗaya aka yarda.

A ranar ta sake fasfo, ta sake yankan dankali, ta rage hannun rigar sanyin. Komai ya ƙone ƙurmus, toka ta tashi sama, alamar kaya sun isa. Dieu ta tafi a ranar da aka sa.

Nham na nan a lungunta. Iyayen masu tafiya karatu Japan da Koriya sun gano ta, yanzu fasfo ya fi babur kasuwa. Sai dai har yau lissafin bai zaunar mata ba. Tana kunna turare sau biyu, safiyar nan da safiyar can, tana kuma ajiye wa Inna kwanon shinkafa, ko za ta leƙo hutu.

"To wai tana Jamus ne ko tana nan?" Toan ta tambaya.

"Ina na sani? Jiya dai shinkafata ta kama, ba wanda ya ce mini komai. Sai na ji gidan wani iri."