Rigar Malamar Asibiti

Har gobe ina jin haushin malamin nan da ya aiko mini da aikin ɗinki ba tare da ya tambaya ko na iya ba, kuma ba zan taɓa mantawa da abin da aikensa ya jawo a gidanmu ba.

A shekarar damina ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye, sanƙarau kuma ya bi ƙauyukanmu na gefen Makoɗa gida-gida. Ana cikin wannan hali 'yata, 'yar aji huɗu, ta shigo da gudu tana haki.

"Umma, ni ce malamar asibiti a wasan makaranta! Malam ya ce kowa uwarsa ta ɗinka masa kayansa. In ban zo da farar riga jibi ba, wata za a sa."

Yarinyar ta riga ta haddace maganganunta tsaf, har awaki take yi wa allura da tsinke. Na kasa zaune na kasa tsaye. Tela ya fi ƙarfinmu a lokacin, don haka na kwashi ragowar gyaɗar iri na musanya da farin alawayyo a kasuwa.

Ni kuwa ban taɓa ɗinka wa mai rai riga ba. Lokacin ko ajin yaƙi da jahilci ban shiga ba, balle ajin sana'a. Abin da hannuna ya sani shi ne abin da shekarar ta koya mana: in mace ta rasu, mu taru a ɗaki mu haɗa mata likkafani. Washegari na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, hannu ya kama abin da ya saba. Na yaga yadin maimakon in yanka, na ninka biyu, na huda wuya a tsakiya, na bi gefe da dogon ɗinki, ba hannu, ba kalmasa. Wallahi ban ga komai ba, sauri kawai nake yi.

Da la'asar ta saka, ya sauka har idon sawu. Tana juyi tana dariya sai ga surukata ta fito da buta. Butar ta faɗi.

"Innalillahi! Ke, cire mata! Cire mata yanzu!"

"Inna, rigar makaranta ce fa."

"Rigar uban wa? Dubi wuyan nan! Waɗanda muka kai ba su ishe ki ba, sai kin gwada wa jikata likkafani?"

Sai a lokacin na duba da kyau, na ga abin da hannuna ya haɗa. Inna ta zare shi da kanta, ta jefa a akwatinta ta kulle, ta rantse ba zai sake taɓa jikin yarinyar ba ko an gyara.

'Yata ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ke nan, Umma, 'yar gidan mai unguwa ma tana so." Wannan ya fi kuka ciwo.

Ranar na gane cewa son ɗa ba ya riƙe wa uwa allura, sai ta je ta koya. Da gari ya waye, yara na wucewa makaranta da kayan wasansu, na yafa mayafi na taka har Makoɗa, gidan wata mai keken ɗinki. Ta ce me na kawo. Na ce, "Hajiya, ban kawo komai ba. Zan riƙa yi miki surfe da daka, ke kuma ki nuna mini yadda ake sa wa riga hannu."