Awaisu Jibo Dayi, Mawaƙin Rok da Ya Sassauta Murya

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Malam Awaisu Jibo a tsakiyar daminar shekarar 1975 a garin Dayi da ke ƙasar Malumfashi. Mahaifinsa, Malam Jibo Yusufu, manomin auduga ne da masara, mahaifiyarsa kuwa, Hansai, mutuniyar Kafur ce da aka sani da sana'ar man gyaɗa. Ya yi karatun allo a zauren wani maƙwabcinsu, aka sa shi firamare a 1982, kuma sa'o'insa sun shaida cewa tun a wancan lokaci yaro ne mai zurfin tunani, wanda za a aike shi kai abinci gona, a tarar da shi tsaye a bakin titi da kwano a ka, yana sauraron kukan wayoyin lantarki idan iska ta kaɗa su.

Karatu da Aiki

A shekarar 1988 ya shiga sakandaren kwana a Malumfashi, inda ya haɗu da Zubair Lawal, ɗan Funtuwa, wanda yayansa direban babbar mota ne mai kawo masa kaset-kaset daga Legas. Ta wannan hanya Awaisu ya fara jin kiɗan da ake kira rok, wato kiɗan jitar lantarki da ganguna mai rugugi kamar tsawa, wanda mawaƙinsa ke buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa. Su biyun suka koyi kiɗa da wata tsohuwar jita ta wani malaminsu. Bayan kammala karatu a 1994, Awaisu ya sami aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, ya shekara huɗu yana kula da injin da ƙararsa ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi.

Zamanin Tartsatsi

A 1998 suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Tartsatsi, Zubair a kan jita, wani abokinsu Kabiru a kan ganguna, Awaisu kuma shi ne mai waƙa. Abin da ya bambanta su da sauran masu wannan salo shi ne da Hausa suke waƙa, a kan rayuwar leburori da direbobi da samarin da suka baro ƙauye. Daga dandalin ɗalibai a Zariya shahararsu ta kai Kaduna da Jos da Abuja, suka fitar da albam uku tsakanin 2001 da 2011, har magoya bayansu suka laƙaba wa Awaisu suna Tsawar Dayi. Mahaifinsa bai taɓa yaba wa sana'ar ba, amma bai hana ba, sai dai ya gindaya masa sharaɗin dawowa gida a kowace damina don huɗa, kuma Awaisu bai saɓa ba har rasuwar tsohon a 2009.

Aure

A shekarar 2004 ya auri Murja Jibril, 'yar Musawa, malamar firamare a Funtuwa. An ruwaito cewa sau ɗaya ta halarci wasan Tartsatsi, kuma a wajen zauren ta zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ta ce daga nan ne kaɗai take iya rarrabe muryar mijinta daga cikin tsawar.

Lalurar Kunne da Rabuwa

A farkon 2013 kunnensa na hagu ya fara wani kuka marar yankewa. Likitoci a Zariya suka tabbatar masa cewa wannan kunne ya riga ya tafi, na daman ma zai bi shi matuƙar ya ci gaba da tsayawa gaban manyan lasifikoki. Da ya sanar da Zubair, wanda ya ɗauki ƙungiyar tamkar rayuwarsa, sai ya ce masa, “Ka toshe shi da auduga mana, ai a garinta muke.” Awaisu ya ce, “Na toshe, Zubair. Jiya Nana Khadija ta yi ta kirana daga ƙofar ɗaki, ban san tana yi ba.” Nana Khadija ita ce 'yarsa ta fari. A 2014 ya fita daga ƙungiyar, Tartsatsi ta watse, Zubair ya ɗauki lamarin a matsayin cin amana, ya yanke hulɗa da shi.

Komawa Dayi

Awaisu ya kwashe iyalinsa ya koma gonar mahaifinsa, ya shekara biyu bai rera ko baiti ɗaya ba. Mutanen gari sukan gan shi da hantsi yana tafiya a hankali tsakanin kunyoyi, kai a karkace, kamar mai bin sawun wani sauti da shi kaɗai yake ji. Ya taɓa kwatanta kukan kunnen nasa da kukan ƙwari a fadama idan ruwa ya ɗauke. A gida kuwa Murja takan kunna masa, ƙasa-ƙasa, irin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira sol, wanda ke tafiya a natse, murya ce a gaba, kayan kiɗa na bin ta a baya.

A kakar 2016 ya ji wata dattijuwa cikin masu tsinkar auduga a gonarsa tana waƙa da irin wannan natsuwa. Sunanta Tsohuwa, daga wata unguwar Maguzawa ta wajen Kafur, kuma ita ce mai ba da waƙa a gayyar noma ta yankinsu. Ya roƙe ta ta saurare shi, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, sai ta dakatar da shi ta ce, “Ɗan nan, wa kake yi wa ihu? Wanda kake so ya ji ka ai yana kusa.” Ya ce, “Gwaggo, to koya mini.” Ya yi rani guda yana zuwa tsakar gidanta, tana sussukar dawa yana bin bakinta.

Albam ɗin Bayan Ruwa

A daminar 2017 ya naɗi albam ɗinsa na farko shi kaɗai, a wani ƙaramin situdiyo a Funtuwa, ya sa masa suna Bayan Ruwa. Babu rugugin jita a cikinsa. Akwai gangar noma da aka kaɗa da tafin hannu, da busa mai taushi, da amshin jikokin Gwaggo Tsohuwa, sai muryar Awaisu da ta koma ƙasa, mai ɗan kaushi, tana jan kowace kalma kamar ba ta son rabuwa da ita. A ɗaya daga cikin waƙoƙin, mutum ne ya yi mafarki gajimare ya sauka ya kwanta a gonarsa, ya farka ya tarar auduga ce ta buɗe.

Ranar ƙaddamarwa a Kaduna tsofaffin magoya bayansa suka yi ta kiran waƙoƙin Tartsatsi, da yawa suka fice, shi kuwa ya rufe ido ya kai waƙarsa ƙarshe a gaban kujerun da suka rage. Sannu a hankali albam ɗin ya sami masu shi a inda ba a zata ba, wato direbobin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, da teloli, da mata a cikin gidaje. A 2019 Zubair ya zo Dayi a kan babur, ya same shi a gona, ya tsaya ta gefen kunnensa na dama ya ce, “Mutumina, waƙar nan ta gajimare tana neman jita.” Awaisu ya ce, “Ai gurbinka ne na bari a cikinta.” Daga nan suka koma yin wasa tare, a zaune, a ƙananan zauruka.

Ƙarshen Rayuwa

Daga 2021 kunnen dama ma ya raunana. A wasansu na ƙarshe a Malumfashi, a 2022, Awaisu ya ɗora tafin hannunsa a jikin jitar Zubair, da motsin katakon ya riƙa gane inda kiɗan ya kai. Allah ya yi masa rasuwa da safiyar wata Alhamis a watan Oktoban 2024, a wani asibiti a Funtuwa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara arba'in da tara. An yi masa salla bayan azahar a Dayi, aka binne shi a maƙabartar garin, Zubair da Kabiru na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa Hansai, da matarsa Malama Murja, da 'ya'ya huɗu: Nana Khadija, ɗaliba a makarantar koyon jinya, da Abubakar Sadiq, da Maijidda, sai autansu da aka haifa bayan an share makoki, wanda ranar suna liman ya raɗa masa Awaisu. Allah ya jiƙansa da rahama.